Maikirowef Yana Zafi Fiye da Ƙima: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu maikirowef suka fi yi idan injin ya fara zafi, ko yana mutuwa ana tsakiyar ɗumama abinci, ko yana ƙauri. Yawancin abubuwan da ke jawo haka ana gano su, a kuma magance su, ba tare da an kwance sukuru ko ɗaya ba. Wanda kuwa sai an cire murfin bayan injin, wannan ba aikin gida ba ne, kuma za a ga dalili a gaba.

Jikin maikirowef ɗina yana ɗaukar zafi idan yana aiki. Ya lalace ke nan?

Ba lallai ba ne. Kowane maikirowef yana yin ɗumi, domin ba duk wutar da yake ja ce take shiga abinci ba. Duba takardar da aka manna a bayansa, za ka ga lambobi biyu: wutar da yake ja da wadda yake bayarwa. Ƙaramin inji na gida yakan ja wat 1,100 zuwa 1,200, amma abin da ke isa ga abinci wat 700 ne. Ragowar zafi take zama a cikin taransifoma da magnetiron, wato bututun da ke samar da igiyoyin da ke motsa ruwan cikin abinci har ya yi zafi. Wannan zafi kuwa dole ya sami mafita. Maikirowef na farko da kamfanin Raytheon na Amurka ya fitar kasuwa a 1947, bayan binciken injiniyansu Percy Spencer, da ruwa ake sanyaya magnetiron ɗinsa, sai an ja masa famfo. Na yanzu 'yar fanka ɗaya ce a ciki take wannan aiki, da 'yan ramukan iska a gefe da baya. Fankar ta gaza ko ramukan su toshe, zafi ya taru.

Saboda haka ɗumin da za ka ɗora tafin hannu a kai ka bar shi ba ka ɗauke ba, ba komai ba ne. Wanda ke da giril, wato ƙarfen gashi, ya fi haka zafi, musamman samansa, kuma haka aka ƙera shi. Abin da zai sa a tsaya a duba shi ne zafin da hannu ba ya jurewa bayan minti biyu ko uku kacal, ko ƙaurin roba da waya, ko injin ya riƙa ɗaukewa da kansa.

Ina cikin ɗumama abinci sai ya mutu ɗif, har agogonsa. Bayan wani lokaci kuma ya dawo. Me ke nan?

Tamostat ne ya yanke wuta, kuma aikinsa ya yi. Ɗan ƙarfe ne zagayayye da bai fi girman ƙwandala ba, an ɗaure ɗaya a jikin magnetiron, sau da yawa da wani a saman akwatin da abinci ke shiga. Idan zafi ya wuce iyakar da aka buga a jikinsa, sai ya katse wutar kafin wani abu ya ƙone. Wani yana komawa daidai da kansa idan ya huce. Wani kuma sau ɗaya yake aiki, in ya yanke ya yanke ke nan sai an sa sabo, shi ya sa wani injin ba ya dawowa ko an bar shi ya kwana.

Ki lura da lokacin da yake mutuwar. Idan da azumi ne, ana ta jera masa faranti bayan faranti gab da shan ruwa, ko ranar suna an yi rabin awa ba a ba shi hutu ba, to aiki ne ya yi masa yawa. Ki buɗe ƙofarsa, ki bar shi minti 20 zuwa 30. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40, iskar da fankar ke ja ita kanta mai zafi ce, kicin kuma ya fi waje. Injin da ke jure minti 15 da hunturu zai iya gazawa kafin nan a bazara.

Amma in kullum bayan minti uku ko huɗu yake ɗaukewa, ko da sassafe ne, ko shi ne aikinsa na farko a ranar, wannan iska ce ba ta wucewa. A nan ne za a fara bincike.

Daga ina zan fara?

Ki cire filogi daga bango tukuna. Sai ki dubi saman injin. A gidaje da yawa saman maikirowef ya zama kanta: ledar burodi, tire, kular abinci, kwandon magi. Wasu har riga ake ɗinka masa ta leshi don ƙura, a manta a kunna shi da rigar a jiki. A kwashe komai.

Sai wurin da aka ajiye shi. Littafin da ya zo da shi ya faɗi tazarar da yake so, kuma kamfanoni sun bambanta, amma galibi ana neman kamar santimita 10 a baya da gefe, da santimita 20 zuwa 30 a sama. Wanda aka cusa cikin kabad mai ƙofa, ko aka manna shi da bango, iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Akwai irin da aka yi musamman don a gina shi cikin kabad, yana da hanyar iska ta gaba. Na kan tebur ba haka yake ba. Kada ya zauna kusa da murhun gas ko risho, ko a bakin tagar da rana ke dukansa. A duba ƙafafunsa na roba ma, domin wasu ta ƙasa suke jan iska, kuma idan ƙafafun sun fita cikinsa ya kwanta a kan tebur, hanyar ta rufe.

Daga nan ki juya shi ki kalli ramukan iskar. Ƙurar hunturu ita kaɗai da sauƙi, hurewa take yi. Amma idan ta haɗu da tururin mai na suya, sai ta zama wata dauɗa mai danƙo launin ƙasa-ƙasa, ta liƙe ramukan ɗaya bayan ɗaya. Tsohon buroshin haƙori busasshe da tsumma mai ɗan danshi sun isa. Kada a zura waya ko tsinke mai tsawo ta ramin, kada a watsa ruwa.

Idan an gama, a sa kofin ruwa a ciki, a kunna minti ɗaya, a kai hannu kusa da ramukan. Ya kamata a ji iska tana fitowa sosai.

Na gwada, ba na jin iska, amma fitila tana kamawa, farantin yana juyawa, ruwan ma ya yi zafi.

A daina amfani da shi daga yanzu. Wannan shi ne yanayin da ya fi yaudara, domin injin yana ɗumama abinci kamar lafiyarsa lau, alhali magnetiron yana gasuwa a ciki. Don tabbatarwa, riƙe 'yar takardar tishu kusa da ramukan: in fanka na aiki, wani gefen zai tsotse ta, wani ya hure ta. In ko motsi ba ta yi ba, fanka ta tsaya.

Abin da ke tsayar da ita bai da yawa. Maiƙo ya daskare a sandar da take juyawa a kai, ko reshe ɗaya ya karye, ko wayar injinta ta ƙone, ko wani abu ya maƙale mata. Masu gyara sun saba ciro mataccen kyankyaso, wani lokacin har ƙadangare. Fanka tana cikin kayan da suka fi araha a jikin maikirowef, magnetiron kuwa yana cikin masu tsada. Idan aka ci gaba da kunna shi haka, maganaɗisun da ke jikin magnetiron suna tsagewa saboda zafi, kuma wannan ba ya gyaruwa sai canji. Fankar tana bayan murfi, don haka aikin mai gyara ne.

Kyankyasai sun mayar da shi gida. In fesa musu magani a ciki?

A'a. Maganin feshi yana kamawa da wuta, ga shi kuma wurin abinci ne. Ɗumi da ɓurɓushin abinci ne ke jawo su, kuma sun fi son bayan allon maɓallai, inda kashinsu da gawarsu ke haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. A tsabtace cikin, a sa maganin kyankyaso irin na ci a kewayen wurin amma ba a cikin injin ba, in sun yi yawa a kai wa mai gyara ya buɗe ya share.

Ina ganin tartsatsi daga gefe ɗaya na ciki, da ƙara tas-tas da ƙauri, kuma ban sa ƙarfe ba.

Buɗe ƙofar ka kalli bangon ciki, galibi na hannun dama, a wasu kuma sama. Za ka ga wani ɗan allo mai kusurwa huɗu, launin toka mai ɗan ƙyalli, wanda mutane da yawa ke ɗauka kwali ne da aka manta ba a cire ba. Ba kwali ba ne, maika ce, wani ma'adini mai jure zafi. Ta bayanta igiyoyin ke shigowa daga magnetiron, ita kuma tana tare tururi da maiƙo kada su bi ta wannan hanya su koma ciki.

Miya ta fantsama a kanta yau, manja gobe, ba a goge ba. Kullum aka kunna, wannan ɗigon yana ƙara dahuwa har ya zama gawayi, gawayi kuwa yana ɗaukar wuta. Da farko ɗan tabo ne ruwan ƙasa. Sai ya yi baƙi, tsakiyarsa ya kumbura, in ka taɓa da farce ya ɓare. Daga nan tartsatsi ya fara, har ya huda rami. In aka bar shi, tartsatsin yana bi ta ramin ya ci kan magnetiron.

Wannan gyara ne da mutum zai iya yi da kansa a yawancin injina, domin daga cikin akwatin ake ciro allon, 'yan maƙalai na roba ko sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Cire filogi, zare tsohon a hankali, goge maiƙon da ke bayansa da bakin ramin har ƙarfen ya fito fes, a bar shi ya bushe. Masu sayar da kayan gyaran lantarki suna da fallen maika. A ɗora tsohon a kan sabon, a zana, a yanka da almakashi ko reza, a huda ramukan maƙalan, a mayar. Kada a sa kwali ko roba a madadinta, kuma kada a kunna injin babu ita. In ka leƙa ramin ka ga ƙarfen ciki ya ƙone ko ya narke, to abin ya wuce maika, sai mai gyara.

Wani wurin da tartsatsi ke tashi shi ne inda fenti ya ɓare tsatsa ta kama, musamman ƙarƙashin farantin, layin da 'yan tayoyin ke bi. In tsatsar ta sama ce, ana gogewa a shafa fentin da aka yi don cikin maikirowef. In ta huda ƙarfen har ana ganin rami, injin ya gama aiki.

Kwano ne ke yin zafi kamar me, abincin kuma da sanyinsa.

Laifin kwanon ne. Wasu kwanonin tangaran da na melamin suna shan igiyoyin su da kansu. Ga gwaji mai sauƙi: sa kwanon babu komai a cikinsa, ajiye kofin gilashi cike da ruwa a gefensa, kunna minti ɗaya. In ruwan ya yi zafi kwanon yana nan da sanyinsa, ya dace. In kwanon ya yi zafi, a bar shi don cin abinci kawai.

Kwanon samira da langa da kwanon silba duk ƙarfe ne, ko da an lulluɓe shi da fenti mai fure. Haka farantin tangaran na jere mai zanen zinare a baki, da cokalin da aka manta cikin shinkafa, da takardar foyil da aka naɗo nama a ciki. Ƙarfe yana mayar da igiyoyin baya, bakinsa mai kaifi kuma yana tartsatsi. Robar tekawe marar kauri tana narkewa idan miyar mai mai ce, domin mai yana wuce zafin tafasar ruwa nesa ba kusa ba.

Yara sun kunna shi babu komai a ciki. Ya yi masa illa?

Na 'yan daƙiƙoƙi, da wuya. Na mintoci, zai iya. Igiyoyin da ba su sami abin shiga ba komawa suke yi kan magnetiron su zama zafi a can. Kusan haka ne idan abin da aka sa ɗan kaɗan ne kuma busasshe: yankan burodi ɗaya, kilishi, gyaɗa 'yar kaɗan, busasshen barkono. Babu isasshen ruwa a jikinsu, sai su ƙone daga ciki, barkonon ma har ya turnuƙe kicin da hayaƙin da ke shaƙe mutane. In dole ne a ɗumama irin waɗannan, a rage lokaci sosai, a ajiye rabin kofin ruwa a gefe. Yawancin injina masu maɓallai suna da makullin yara. Littafin zai nuna maɓallin da ake dannewa.

Na rage ƙarfinsa zuwa ƙasa, amma duk da haka yana ƙona abinci.

Maikirowef na gama-gari ba ya rage ƙarfi da gaske. Kunnawa da kashewa yake yi: a kashi 30 cikin 100, magnetiron ya yi aiki 'yan daƙiƙoƙi, ya huta fiye da haka, ya sake tashi. Ana jin wannan da kunne. Sa kofin ruwa, zaɓi ƙaramin ƙarfi, ka saurara. Ƙarar fanka ba ta canzawa, amma akwai wani gurnani mai kauri da ke zuwa yana tafiya. In gurnanin ya zauna bai yanke ba, to rilen da ke kunnawa da kashewa ya manne, injin yana aiki da duk ƙarfinsa ko me aka danna. Irin wannan wani lokacin da an rufe ƙofa yake fara aiki ba a taɓa komai ba. Cire filoginsa, kada a bar shi a jone ko na dare ɗaya.

Maikirowef masu fasahar inbata a cikinsu (ba inbatar sola ba), irin waɗanda Panasonic ya yi fice da su, da gaske suke rage ƙarfin, don haka galibi gurnaninsu ba ya yankewa, kuma wannan gwajin bai shafe su ba.

Tuwo ya yi zafi a gefe tsakiya da sanyi, wannan ba lalacewa ba ce. A yanka shi, a yayyafa ruwa, a rufe. In farantin ya daina juyawa ne, wuri ɗaya zai ƙone. A duba ko ya sauka daga mazauninsa ko 'yan tayoyin sun cushe da dauɗa. A kuma yi hattara da ruwan shayi a kofi mai santsi: yakan wuce zafin tafasa bai tafasa ba, sai an jefa sukari ko cokali ya yi tsiri ya watso fuska. A bar shi rabin minti kafin a ɗauko. Ƙwai da ɓawonsa kuwa fashewa yake yi.

Na gama ɗumamawa amma fanka tana ta juyawa.

Haka aka yi wasu, sanyaya kayan ciki take yi. Kada a kashe soket sai ta tsaya da kanta.

Wutarmu ba ta da ƙarfi, wani lokacin da janareta ko sola muke kunna shi. Da hannunsu a ciki?

Sosai. Idan NEPA ta kawo rabin wuta, magnetiron ba ya bayar da ƙarfinsa, fanka tana juyawa a sanyaye, abincin minti biyu ya koma na shida, injin ya daɗe yana aiki da ƙarancin iska. In kuma wutar ta yi yawa, taransifoma ce ke shan zafi. Sitabilaiza tana taimakawa, amma ba 'yar ƙaramar ta talabijin ba. A nemi wadda ta kai 2,000VA ko fiye.

Ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki injin da ke jan 1,200 ba, balle ma a daidai lokacin tashi yana fizgar fiye da haka. Za a ji janaretan ya shaƙe, fitilu su dushe. Wajen sola kuma, inbata mai araha wadda wutarta ke da gargada tana sa taransifomar maikirowef gurnani da zafi. Wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta ita ce ta dace, in ƙarfinta ya isa.

Na gwanjo na saya, an ce daga Amurka ya zo, an haɗa mini da taransifomar rage wuta. Shi ya sa yake zafi?

Mai yiwuwa ƙwarai. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, mai bugu 60 a daƙiƙa. Ta Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru bolt 220 zuwa 230 ce, mai bugu 50. Taransifomar da aka haɗa maka tana gyara bolt, amma ba ta taɓa yawan bugun. Injin da aka ƙera don 60 in aka ba shi 50, taransifomar cikinsa tana yin zafi fiye da yadda aka tsara, fankarsa kuma gudunta yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Zafi ya ƙaru, iska ta ragu. Ƙari a kan haka, sau da yawa taransifomar wajen ƙarama ake bayarwa, ita ma ta yi ta zafi a ƙarƙashin tebur. A ganina irin wannan ciniki bai da riba. Na gwanjon da ya fito daga Ingila ko sauran Turai wutarsu ɗaya da tamu. Kafin a biya kuɗi, a juya bayan injin a karanta takardar: 220 zuwa 240V, 50Hz.

Ba injin ne ke zafi ba, filogi ne da soket. Har robar ta fara yin baƙi.

Wannan ya fi kusa da gobara fiye da yawancin abubuwan da aka ambata. Soket ne ya saki, ko sukurun cikin filogi ya kwance, ko an jona shi a ekistenshan mai siririyar waya tare da firij da butar lantarki. Inda haɗi bai kama da kyau ba, nan zafi ke taruwa. A canza soket da filogin duka biyu, a ba maikirowef nasa soket na bango shi kaɗai. In kuma jikin injin yana ɗan jan hannu idan an taɓa, to wayar ƙasa ta gidan ba ta aiki ko babu ita sam, sai mai wayarin ya zo.

Ina gyara fanka da dutsen guga da kaina. Me zai hana in buɗe wannan?

Domin cire filogi ba ya kashe shi. Taransifomar ciki tana ɗaga wuta zuwa wajen bolt 2,000, kafasita da dayod su ninka ta zuwa kusan 4,000 don magnetiron. Kafasitar, wani gwangwanin ƙarfe mai kama da na kifi, tana riƙe caji bayan an kashe injin. An sa mata abin da zai zuƙe cajin a hankali, amma shi ma yana lalacewa, kuma babu alamar da za ta nuna daga waje. Ba irin jan da ke sa mutum ya yarfe hannu ya yi tsaki ba ne. Wannan yana tsayar da zuciya, kuma ya kashe mutane, har da waɗanda gyaran lantarki ne sana'arsu. Silifa na roba ba ya karewa. Tasta da mitar da kake auna wutar gida da su ba a yi su don wannan ƙarfi ba.

Ga iyakar da nake ganin ta dace. Duk abin da hannu zai kai daga waje ko ta ƙofar abinci, naka ne: shara, ramukan iska, maika, faranti da tayoyinsa, filogi da fiyus ɗin cikin filogi. Duk abin da ke bayan murfin ƙarfe, wato fanka, tamostat, fiyus na ciki, rile, makunnan ƙofa, dayod, kafasita da magnetiron, na wanda ya koyi aikin maikirowef ne takamaimai, ba kowane mai gyaran rediyo ba.

Ko injin ya mutu an yar, kada a bar yara su fasa shi don maganaɗisu. 

Mai gyara ya ce tamostat ne ke damuna, zai haɗe wayoyin kai tsaye, ba zai ƙara mutuwa ba.

Ɗauki kayanka ka tafi wani wuri. Gaskiya ya faɗa, ba zai ƙara mutuwa ba, zai ci gaba da aiki har sai wani abu ya kama da wuta. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Tamostat yakan lalace ya riƙa yankewa ba dalili, amma maganinsa a sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon, bayan an tabbatar fanka da hanyar iska lafiyarsu ƙalau. Haka wanda zai naɗa wa fiyus waya, ko ya haɗe makunnan ƙofa. Makunnan nan galibi uku ne, kuma an tsara ɗayansu ya ƙona fiyus da gangan in sauran suka gaza, don kada injin ya yi aiki ƙofa a buɗe. Fiyus ɗin da ke ƙonewa duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe ƙofa, makunni yake nunawa, kuma buga ƙofa da ƙarfi ne ke saurin kashe su.

Mai gyaran kirki ana gane shi tun daga farko: yana buɗewa zai sauke cajin kafasita kafin ya taɓa komai. Ka ce ya nuna maka abin da ya cire, ya faɗa maka abin da ya sa ya lalace, sannan a gwada injin a gabanka da kwanon ruwa na minti biyar, murfi a rufe.

In wuta ta kama a ciki fa?

Kada a buɗe ƙofa. A kashe, a cire filogi ko a sauke babban makunnin gidan, a bar ƙofar a rufe; rashin iska zai kashe wutar. In ta fara fitowa waje, a fitar da mutane a kira 'yan kwana-kwana. Kada a watsa ruwa yana jone. Bayan haka ba a sake kunna shi sai an duba.

Zafin da jikinsa ke yi yana nufin igiyoyin suna fitowa su cutar da mu?

A'a, abu biyu ne daban. Igiyoyin maikirowef na megahaz 2,450 ne, tsawon kowace kusan santimita 12, ramukan ragar da ke gilashin ƙofa kuwa ba su wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, igiyoyin ba sa iya ratsawa. Tun 1971 dokar Amurka ta ƙayyade abin da zai iya tsiyayowa kada ya wuce miliwat 5 a kowace murabba'in santimita, in an auna daga tazarar santimita 5. Da an kashe injin igiyoyin sun ƙare, ba sa zama cikin abinci. Abin da ke buɗe musu hanya shi ne ƙofar da ta lanƙwashe, ko ba ta rufuwa daidai, ko ragarta ta huje, ko injin ya faɗo daga kan tebur. Irin wannan a ajiye shi.

Bayan ya sha zafi, yaya zan san ko magnetiron ya raunana? Kuma gyara ya fi ko sabo?

Zuba ruwa lita ɗaya daidai a mazubin gilashi ko roba, auna zafinsa, kunna minti ɗaya da cikakken ƙarfi, juya ruwan, sake aunawa. Ninka bambancin da 70, abin da ya fito shi ne kusan wat ɗin da injin ke bayarwa. Mai wat 700 zai ɗaga ruwan da wajen digiri 10. In babu ma'auni, kofi ɗaya na ruwa ya kamata ya tafasa cikin minti biyu zuwa uku. A yi gwajin lokacin da wuta ke da ƙarfi, in ba haka ba za a ɗora wa injin laifin NEPA.

Fanka, tamostat, maika, makunnin ƙofa, dayod da rile duk sun cancanci gyara. Magnetiron ko taransifoma kuwa sai an yi lissafi: in kuɗin kaya da na aiki sun kai rabin kuɗin sabo, injin kuma ya tsufa, ni sabo zan ce. In sabo ne yana da garanti, kada kowa ya buɗe shi, a mayar inda aka saya da rasit, domin kwance murfin yana soke garantin.